Sanƙarau Jinsin A da Dala Miliyan 70: Nazarin Yadda Kuɗin Bincike Ya Kawar da Wata Annoba

Yankin da cutarsa, kafin 1996

Akwai wani faffaɗan yanki a kudu da hamadar Sahara da ya miƙe tun daga Senegal a yamma har zuwa Habasha a gabas. Ƙasashe 26 ne suka faɗo cikinsa, wasu ɗungurungum, wasu ɓangarensu kawai, kuma mutane fiye da miliyan 400 ke zaune a ciki. Wani likitan sojan Faransa mai suna Léon Lapeyssonnie ne ya fara shata iyakarsa a rubuce a 1963. Tun daga lokacin masana lafiya ke kiransa yankin sanƙarau.

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Yana farawa da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, sai wuya ya sanƙare, sai amai da fita hayyaci. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda suka kamu ba sa tashi. Ko an yi maganin ma, kusan ɗaya cikin goma kan rasu, galibi cikin kwana ɗaya ko biyu da fara ciwon. Cikin waɗanda suka tsira kuwa, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari sukan tashi da kurumta, ko farfaɗiya, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa da ba ta warkewa.

Cutar tana bin rani. Takan fara daga Disamba, ta yi ƙamari lokacin ƙura da zafi, ta lafa da zubar ruwan farko wajen watan Yuni. Kowace shekara ana samunta, amma bayan shekara 5 zuwa 12 sai babbar annoba ta ɓarke ta game ƙasashe da yawa a lokaci guda. Ƙwayar cutar da ke haddasa annobar tana da jinsuna da ake bambanta su da harufa: A, B, C, W, X, Y. A wannan yanki, jinsin A kaɗai ke da alhakin kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na masu kamuwa a lokacin annoba. Mutane da dama suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsu lafiya lau, suna yaɗa ta ta tari da atishawa ba su sani ba. Wannan batu na maƙogwaro zai sake dawowa a gaba, domin a kansa aka ci nasara.

Ta fuskar aljihu ma ciwon ba ƙarami ba ne. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso ya gano cewa iyali kan kashe kimanin dala 90 a kan majinyaci ɗaya, wato kusan sulusin abin da mutum guda ke samu a shekara a ƙasar a wancan lokaci.

1996 zuwa 2000: kashe gobara da tsohon rigakafi

A ranin 1996 da na 1997 aka yi annoba mafi muni da aka taɓa rubutawa a yankin. Mutane fiye da 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu.

Rigakafi kam akwai shi. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka ƙirƙiro shi a Amurka, daga wani ɓawon sukari da ke lulluɓe da ƙwayar cutar. Sai dai yana da rauni ta gefe uku. Ba ya kama jikin yaran da ba su kai shekara 2 ba sosai. Kariyarsa ba ta wuce kimanin shekara 3. Kuma ba ya kawar da ƙwayar daga maƙogwaro, don haka wanda aka yi wa allurar ya tsira da kansa amma yana iya ci gaba da harba wa maƙwabcinsa. Saboda haka ba a sa shi cikin allurar yara ta yau da kullum ba. Ana ajiye shi ne sai annoba ta tashi.

A 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, da Tarayyar ƙungiyoyin Red Cross suka kafa wani kwamitin haɗin gwiwa mai riƙe da rumbun rigakafin gaggawa. Tsarin shi ne: gunduma ta ƙirga masu ciwo mako-mako, idan adadin ya haye wani mizani, a ɗebi ruwan lakar bayan majinyata a tabbatar da jinsin ƙwayar, ƙasa ta rubuta buƙata, a amince, a ɗoro rigakafin a jirgi, a raba shi. Kowane mataki na cin kwanaki. Sau da yawa kafin allurar ta isa ƙauye annobar ta riga ta kai ƙololuwa, wani lokaci ma damina ta kusa sauka. Kuɗi masu yawa suna tafiya kowace shekara, ma'aikatan lafiya suna barin sauran ayyukansu na watanni, bayan 'yan shekaru kuma a koma gidan jiya.

Ilimin da zai gyara wannan rauni ba ɓoyayye ba ne. Idan aka ɗaure ɓawon sukarin nan da wani furotin, jiki kan gane shi da kyau, ya riƙe shi tsawon shekaru, har jarirai ma su amfana, kuma ƙwayar ta daina samun wurin zama a maƙogwaro. A nan za mu riƙa kiransa ɗaurarren rigakafi. A shekarun 1990 an gwada irinsa na jinsin A da C a Gambiya da Nijar, sakamakon kuma ya yi kyau. Amma kamfanonin da suka yi gwajin suka jingine ɓangaren A suka fuskanci jinsin C, wanda ke damun Turai. A Nuwamban 1999 Birtaniya ta fara yi wa yaranta ɗaurarren rigakafin C, cutar ta faɗi warwas cikin ƙanƙanin lokaci. Jinsin A ba shi da masu saye a ƙasashe masu arziki, shi ya sa babu kamfanin da ya ga dalilin kashe ɗaruruwan miliyoyin dala a kansa.

Ba sanƙarau kaɗai wannan ya shafa ba. Wani nazari da aka buga a 2002 ya ƙirga sababbin magunguna 1,393 da suka shiga kasuwa tsakanin 1975 da 1999, ya tarar 16 kacal ne na cututtukan ƙasashe masu zafi da tarin fuka.

2001 zuwa farkon 2002: kuɗi sun samu, farashi ya raba gari

Bayan annobar 1996 ministocin lafiya na yankin sun roƙi Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemo mafita mai ɗorewa. A 2000 hukumar ta tara masana suka amince cewa ɗaurarren rigakafi mai araha abu ne mai yiwuwa. A 2001 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dala miliyan 70, na tsawon shekara 10, ga hukumar da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke Siyatil a Amurka mai suna PATH. Suka kafa Shirin Rigakafin Sanƙarau, ofishinsa a Ferney-Voltaire ta Faransa kusa da Janeba, aka naɗa wani likita Ba'amurke, Marc LaForce, ya jagorance shi.

Tunanin farko shi ne a bi hanyar da aka saba: a ba wani babban kamfanin magunguna na Turai ko Amurka tallafi ya yi aikin. Amma kafin a sa hannu a kan komai, shugabannin shirin sun zaga ƙasashen yankin suna tambayar jami'an lafiya irin rigakafin da suke so. Amsar ta zo iri ɗaya kusan ko'ina, kuma a kan kuɗi ta tsaya. Wani babban jami'i a ma'aikatar lafiya ta Nijar ya faɗa musu a fili cewa kada a kawo musu rigakafin da ba za su iya saya ba, domin hakan ya fi rashin rigakafin muni. Adadin da aka tsaya a kai shi ne ƙasa da senti 50 na dalar Amurka kowace allura.

Da aka koma wa manyan kamfanoni da wannan adadi, sai magana ta ƙi ci gaba. Farashin da suke iya sauka gare shi wajen dala 2 ne. Dalilinsu a bayyane yake: duk injin da duk ma'aikacin da aka sa a kan rigakafin senti 50, an ɗauke shi ne daga wani rigakafin da ake sayarwa da dala goma-goma. Zuwa farkon 2002 tattaunawar ta watse. Shirin yana riƙe da kuɗi, ba shi da masana'anta, ba shi da fasaha, kuma wasu masana na waje sun fara cewa taurin kai a kan senti 50 zai jawo a rasa tsuntsu a rasa tarko.

A ranin wannan shekarar kuma wani abu ya faru da ya ƙara dagula lissafi. Annoba ta ɓarke a Burkina Faso, mutane kimanin 13,000 suka kamu, wajen 1,500 suka rasu, amma jinsin W ne ya haddasa ta. Tambaya ta taso: ina amfanin rigakafin A kaɗai alhali ga W ya nuna shi ma yana iya ɓarna? Rigakafi mai jinsuna da yawa zai fi tsada, ya fi wuyar haɗawa, ya ɗauki ƙarin shekaru. Aka auna, aka tsaya a kan A kaɗai.

2002 zuwa 2004: haɗa kamfani daga gutsattsari

Tunda babu kamfani guda da zai ɗauki aikin duka, sai aka tsinka shi gida uku. Wani kamfani a Amstadam ta ƙasar Holan, SynCo Bio Partners, zai samar da ɓawon sukarin jinsin A. Kamfanin Serum Institute da ke Pune a Indiya zai samar da furotin ɗin da za a ɗaura, wanda shi ne sinadarin rigakafin cutar sarƙe-haƙora da kamfanin ya daɗe yana yi, sannan shi ne zai haɗa rigakafin gaba ɗaya ya sayar a ƙasa da senti 50, allura miliyan 25 a shekara. Wani ƙaramin kamfanin bincike a Turai kuma zai kawo fasahar ɗaurin ya koyar da Indiyawan.

A 2003 kamfanin na uku ya janye. Wannan ne lokaci mafi hatsari a tarihin shirin, domin ɗaurin shi ne zuciyar aikin. Ba tare da shi ba abin da ke hannu sukari ne a kwalba ɗaya, furotin a wata kwalbar. Shekara biyu ta wuce da karɓar kuɗi, babu ko ɗigon rigakafi da za a nuna.

Mafitar ta fito daga inda ba a zata ba. A ɗakunan binciken Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wasu masana biyu, Carl Frasch da Che-Hung Robert Lee, sun riga sun ƙirƙiro wata hanyar ɗauri mai ba da amfani da yawa daga kayan haɗi kaɗan. Da kuɗin gwamnati aka yi binciken, don haka haƙƙin mallakarsa na hannun hukuma. A Disamban 2003 masana daga Serum Institute suka je Amurka suka yi kimanin mako uku suna koyon hanyar a gaban waɗanda suka ƙirƙiro ta, suka koma Pune suka fara gwadawa. Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka ba da lasisin fasahar kusan kyauta. Wata cibiyar gwamnatin Birtaniya mai auna ingancin magunguna ta riƙa duba samfurin da ke fitowa. Daga baya aka koya wa Serum Institute yin ɓawon sukarin da kansa, aikin duka ya koma ƙarƙashin rufi ɗaya.

A daidai wannan lokaci wani kaso na kuɗin yana tafiya wajen abin da ba ya fitowa a labarai. An ƙarfafa wata cibiyar sa ido kan cututtuka a Wagadugu, ana tattara alƙaluman mako-mako daga ƙasashen yankin, ana horar da ma'aikatan ɗakin gwaji su tantance jinsin ƙwayar daga ruwan laka. An kuma horar da hukumomin kula da magunguna na ƙasashen da za a yi gwaji a cikinsu, da kwamitocin da ke kare haƙƙin waɗanda ake gwaji a kansu.

2005 zuwa 2010: gwaji a jikin mutane

Gwajin farko a Indiya aka yi shi a 2005, a kan manya masu ƙoshin lafiya su 74, don a tabbatar ba ya cutarwa. A 2006 aka koma Mali da Gambiya aka gwada a kan yara 601 'yan wata 12 zuwa 23. Sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna garkuwar da sabon rigakafin ya tayar a jini ta ninka ta tsohon kusan sau 20. Sai aka faɗaɗa zuwa mutane 900 'yan shekara 2 zuwa 29 a Mali da Senegal da Gambiya, aka kuma fara gwajin jarirai a Navrongo ta Ghana.

Cutar ba ta tsaya jiran gwaji ba. A 2006 jinsin X ya tayar da annoba a Nijar. A 2009 jinsin A ya sake dawowa da ƙarfi: mutane fiye da 88,000 aka lissafa sun kamu a yankin, fiye da 5,000 suka rasu, mafi yawansu a Najeriya da Nijar. Shekara takwas ke nan da ba da tallafin.

A ƙarshen 2009 hukumar magunguna ta Indiya ta ba rigakafin lasisi. A Yunin 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance shi ta amince, wanda hakan ne ke ba UNICEF damar saye. Aka raɗa masa suna MenAfriVac. Farashinsa ya tsaya a senti 40. Abin da aka kashe wajen ƙirƙiro shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na dala miliyan 500 da ake ƙiyasta sabon rigakafi kan ci ba.

Sai dai tallafin Gates na bincike ne, bai haɗa da sayen allurar da kai ta ga ɗaruruwan miliyoyin mutane ba. Wannan kuɗin dabam ne, kuma ya ninka na binciken sau da yawa. Tun 2008 aka gabatar wa ƙawancen rigakafi na Gavi, mai tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi wajen sayen rigakafi, da lissafin abin da za a kashe, ya amince. Gavi ya ɗauki sayen rigakafin da wani kaso na kuɗin aiki, ƙasashen suka ɗauki sauran.

Disamba 2010 zuwa 2014: allura ta isa ga jama'a

Bayan ɗan gwajin rabawa a wasu gundumomi a watan Satumba, aka ƙaddamar da gangamin a Wagadugu ranar 6 ga Disamba, 2010. Duk mai shekara 1 zuwa 29 aka nufa, allura ɗaya tak. Cikin kwana 10 Burkina Faso ta yi wa mutane fiye da miliyan 11. Da aka haɗa da Mali da Nijar, adadin ya kusa miliyan 20 kafin shekarar ta ƙare. A ranin 2011 ba a samu ko mutum ɗaya cikin waɗanda aka yi wa allurar a Burkina Faso da ya kamu da jinsin A ba. Da aka bi ana shafo maƙogwaron mutane ana gwadawa, sai aka tarar ƙwayar A ta ɓace har daga bakin waɗanda ba a yi musu allurar ba.

Mai shakka zai iya cewa dama annobar a lafe take a Burkina Faso a wannan shekarar. Chadi ce ta warware wannan shakkar, kuma ba shiri aka yi don haka ba. Ƙasar na tsakiyar annobar jinsin A, rigakafin da ke hannu kuma bai isa kowa ba, sai a Disamban 2011 aka yi wa mutane miliyan 1.8 a yankuna uku na Njamena da kewaye, sauran ƙasar aka bar ta sai zagaye na gaba. A ranin 2012, inda aka yi allurar an samu masu sanƙarau kimanin 2.5 cikin kowane mutum 100,000. Inda ba a yi ba an samu 43.8. Bambancin kashi 94 cikin ɗari ke nan, a ƙasa ɗaya, a rani ɗaya. A wani yankin karkara da aka gwada maƙogwaro, mutum 32 cikin 4,278 ke ɗauke da jinsin A kafin allurar. Bayanta mutum 1 cikin 5,001.

Akwai wani ƙaramin bincike da aka ƙara a wannan lokaci wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Doka ce a riƙe rigakafi cikin sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa hannun mai allura. A wuraren da ba lantarki, wannan na nufin firji mai aiki da kananzir ko gas, da daskarar da ƙanƙara cikin dare, da ma'aikaci ya koma cibiya kullum don ya sake ɗauko sanyi. Kamfanin yana da bayanan da ke nuna rigakafin na jure zafi, amma babu wanda ya taɓa neman a rubuta hakan a takardar lasisi, domin a ƙasashen da ke da wuta ba a buƙata. Aka kashe kuɗi kaɗan aka tattara hujjojin, hukumomin Indiya da Kanada suka duba. A 2012 aka amince a riƙe shi a waje har kwana 4 a zafin da bai wuce digiri 40 ba. A Nuwamban shekarar aka gwada a gundumar Banikoara ta Jamhuriyar Benin a kan mutane kimanin 155,000. Wani lissafi da aka yi da alƙaluman Chadi ya nuna hakan na iya rage kuɗin sanyaya da jigila da kusan rabi.

A ƙarshen 2014 aka kammala nau'in jarirai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, shirin kuma ya rufe ofishinsa.

2015 zuwa 2024: abin da ya rage

Wani nazari da ya haɗa ƙasashe tara, aka buga a 2017, ya nuna jinsin A da aka tabbatar a ɗakin gwaji ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari a wuraren da aka yi allurar, sanƙarau gaba ɗaya kuma ya ragu da kashi 57. Tun bayan 2017 ba a sake tabbatar da jinsin A a yankin ba. Adadin waɗanda aka yi wa allurar ya haura miliyan 350 a ƙasashe 24.

Giɓin da ke tsakanin 99 da 57 shi ne sauran jinsunan. A 2015 wani sabon nau'in jinsin C ya kama mutane fiye da 8,000 a Nijar. A ranin 2017 ya kama fiye da 14,000 a Najeriya, fiye da 1,100 suka rasu. Duka biyun rigakafin gaggawa ya yi ƙaranci, aka koma tsohon tsarin jiran jirgi.

Matsala ta biyu ita ce yaran da aka haifa bayan gangami. Masu lissafin yaɗuwar cututtuka sun yi gargaɗi a 2015 cewa idan ba a sa rigakafin cikin allurar yara ta yau da kullum ba, jinsin A zai iya dawowa cikin kimanin shekara 15. Sudan ta fara a 2016, Ghana ta bi a shekarar, wasu suka biyo baya. Amma tafiyar ta yi nawa, ƙasashe da dama sun ɗauki shekaru ba su fara ba. Gangami na kwana goma ne kuma da kuɗin waje; allurar yau da kullum kuwa layi ce a kasafin kuɗin ƙasa kowace shekara, a kan cutar da jama'a suka daina gani.

A ɓangaren sauran jinsunan, PATH da Serum Institute sun ci gaba da aiki tare, a wannan karon da kuɗin gwamnatin Birtaniya, na tsawon shekara 13. Suka fito da MenFive, mai kariya daga A, C, W, Y da X, kuma shi ne rigakafi na farko a duniya da ya haɗa da X. An gwada shi a kan mutane 1,800 a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Yulin 2023, Najeriya ta zama ta farko da ta yi amfani da shi a Maris 2024. Farashinsa a lokacin wajen dala 3 ne.

Hukunci

Dala miliyan 70 ba kuɗi ne mai yawa ba a harkar magunguna, kuma a ganina ba yawansu ne ya yi aikin ba. Matakin da ya fi kowanne nauyi shi ne na ƙarshen 2001, lokacin da aka tambayi masu saye nawa za su iya biya kafin a zaɓi mai ƙerawa, sannan aka riƙe amsarsu a matsayin sharaɗi daidai da inganci da aminci. Da an karɓi dala 2, da wataƙila rigakafin ya fito da wuri da shekara biyu ko uku, amma yi wa mutum miliyan 350 allura zai ci ninki biyar na kuɗin saye, kuma ina shakkar a samu mai biya. Senti 50 ɗin ne ya tilasta neman masana'anta a Indiya, ya tilasta neman fasahar da ba ta da tsadar lasisi.

Wannan taurin kai kuwa bai yiwuwa sai da irin tallafin da aka samu. Shekara 10 aka ba shi tun farko. Da tallafin shekara uku ne mai neman rahoton nasara kowace shekara, kamar yadda mafi yawan kuɗin bincike suke, da shirin ya mutu a 2002 da manyan kamfanoni suka ƙi, ko a 2003 da mai fasaha ya janye. Sau biyu aka sauya hanya gaba ɗaya, mai ba da kuɗin bai janye ba. Haka nan bai kamata a jingina nasarar ga gidauniya ɗaya ba. Fasahar da ta ceci shirin ta fito ne daga ɗakin binciken gwamnati, inda aka biya masana albashi shekara da shekaru suna aikin da babu wanda ya san ranar amfaninsa. Kuɗin sa ido da horar da ɗakunan gwaji su ne suka sa alƙaluman Chadi da Burkina Faso suka zama hujja. Ba don su ba da sai dai a ce an ji sauƙi.

Zaɓen jinsin A kaɗai a 2002 ina ganin daidai ne, amma yana da farashinsa, kuma mutanen Nijar a 2015 da na Najeriya a 2017 ne suka biya. Inda na ga an yi sake shi ne wajen jinkirin fara aikin rigakafi mai jinsuna da yawa. W ya nuna kansa tun 2002, X tun 2006, amma MenFive bai samu amincewa ba sai 2023. Haka kuma an rufe shirin a 2014 kafin ko ƙasa ɗaya ta sa rigakafin cikin allurar yara, wato an sallami ma'aikatan da suka fi kowa sanin aikin a daidai lokacin da sashe mafi gajiyarwa ke farawa.

Kuma tsarin ba zai kwafu a kowace cuta ba. A nan an riga an san ilimin, Birtaniya ta nuna yana aiki, abin da ya rage injiniyanci ne da ciniki. Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da cutar ƙanjamau matsalarsu ta kimiyya ce tun daga tushe. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na farko ya ci fiye da shekara 30 kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2021. Ko a cikin sanƙarau kansa, MenFive a dala 3 ya ninka MenAfriVac fiye da sau bakwai, kuma maganar farashi da jami'in Nijar ya yi a 2001 tana nan tana jiran ƙasashen da za su fita daga tallafin Gavi su fara saye da aljihunsu.